WAYAR SALULA A MAKARANTAR FIRAMARE: AMANAR DA KE WUYAN MALAMAI DA IYAYE

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah (S.W.T.), wanda Ya fifita ɗan'adam da hankali, Ya sanya neman ilmi ya zama ibada. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, muna yi wa kanmu da ku wasiyya da jin tsoron Allah a ɓoye da bayyane, musamman a kan 'ya'yanmu, domin su ne amanar da ba mu da wata hanyar kuɓuta daga tambayarta gobe ƙiyama.

Dalilin wannan nasiha shi ne wata tambaya da ta yi ta zuwa mana daga iyayen yara na Baudeta da ƙauyukan da ke kewaye da ita cikin ƙasar Tasawa, har da wasu 'yan'uwa daga ƙasar Mayayi. Suka ce malaman lakol sun fara buɗe zaurukan WhatsApp da sunan ajinsu, suna aika aikin gida da sanarwa ta ciki, wasu kuma a birane sun kai ga buɗe wa makaranta shafi a Facebook ko a intanet, suna ɗora darussa da hotunan yara. To mene ne hukuncin wannan? Shin uba ya ba da lambarsa, ko ya hana? Shin ya saya wa ɗansa waya?

Mun lura jama'a sun rabu gida biyu. Wani uba ya ce shi ko kusa ba ruwansa, waya kayan Shaiɗan ce, har ya yi barazanar cire ɗiyarsa daga makaranta. Wani kuma ya kai akuyar uwargidansa kasuwa ya sayo wa yaro ɗan shekara 10 babbar waya, ya damƙa masa, ya juya baya, yana ganin ya gama sauke haƙƙin karatu. Lalle ne mu faɗa da babbar murya cewa dukkansu biyu sun yi kuskure, kuma yaran nan su ne za su biya kuɗin kuskuren.

HUKUNCIN KAYAN AIKI

Malamanmu na Fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa hanya tana ɗaukar hukuncin abin da take kaiwa gare shi. Wuƙar da aka yanka ragon layya da ita, ita ce kuma mai kisan kai yake ɗauka. Ƙarfen bai canza ba, niyyar mai riƙe da shi da aikin da ya yi su ne suka bambanta. Haka alƙalami, haka rediyo, haka wayar salula. Akwai kuma ƙa'ida ta biyu da ba ta rabuwa da ta farko, wato kawar da ɓarna shi ake gabatarwa a kan jawo amfani. Da waɗannan ƙa'idoji biyu za mu auna wannan al'amari.

Addininmu bai taɓa ƙyamar kayan koyo ba. Ayoyi biyar na farkon Suratul Alaƙ, waɗanda su ne farkon abin da aka saukar, sun ambaci karatu da alƙalami. Bayan yaƙin Badar a shekara ta 2 bayan Hijira, malaman tarihi sun ruwaito cewa fursunonin da ba su da dukiyar fansa amma sun iya rubutu, an sanya fansar kowannensu ya koya wa yara goma na Madina rubutu. Ku duba da kyau, jama'a: waɗannan mutane mushirikai ne a ranar, amma Manzon Allah (S.A.W.) ya karɓi fasahar da ke hannunsu domin amfanin yaran Musulmi, kuma an yi karatun cikin Madina, a gaban idon iyaye. Haka nan ya umarci Zaidu ɗan Sabitu (R.A.) ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙu.

A ƙasar Hausa ma muna da misali. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta ga matan ƙauye ba su iya zuwa wurinta, sai ta tsara musu ilmin addini cikin waƙoƙi na Hausa da Fulatanci, ta zaɓi dattijan mata amintattu da ake kira jajoji, su zo su koya, su koma su koyar. Wannan shi ne tsarin 'Yan Taru. Ke nan aika ilmi daga nesa ba sabon abu ba ne a wurinmu. Abin lura shi ne ba ta damƙa saƙon ga kowa da kowa ba, ta san wanda ya ɗauka, ta san inda za a kai.

ABIN DA ƘASARMU TA RIGA TA GWADA

Da yawa daga matasanmu ba su san cewa Nijar tana cikin ƙasashen Afirka na farko da suka gwada koyar da yaran firamare ta na'ura ba. A 1964, zamanin Shugaba Diori Hamani, an kafa talabijin ta makaranta da taimakon Faransa. Ba da jimawa ba aka kai azuzuwa kimanin 20 a kewayen Yamai, yara wajen 800, ana nuna musu darasi ta akwati, mai kula da aji kuma yana bi da su. Yaran sun iya magana da Faransanci sosai, baƙi daga ƙasashe suka riƙa zuwa kallo. Amma tsadar abin da ƙarancin wuraren da hoton yake kaiwa suka hana shi isa ga mafi yawan 'ya'yan talakawa, daga bisani kuwa kayan aikinsa suka zama tushen gidan talabijin na ƙasa, Télé Sahel, a ƙarshen shekarun 1970. Yaron Tasawa da na Mayayi ya ci gaba da dogara ga mushensa da allo da alli.

A 2009 da 2010 an yi wani gwaji a ƙauyuka 113 na jihohin Doso da Damagaram, cikin azuzuwan yaƙi da jahilci na manya, wanda wata mai bincike 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bi diddiginsa tare da abokan aikinta. A rabin ƙauyukan an koya wa ɗalibai rubuta saƙo da ƙaramar waya, sai aka tarar sun fi sauran ƙwazo a rubutu da lissafi. Daga baya, a jihohin Maraɗi da Damagaram, aka gwada kiran malami da maigari da wasu ɗalibai ta waya kowane mako a tambaye su yadda karatu yake tafiya, shi ma aka ga sakamako ya ƙaru. Ku lura, 'yan'uwa, cewa waɗannan ɗalibai manya ne masu hankalin kansu, wayar ƙarama ce, kuma malami yana nan tsaye a gabansu.

A wata ƙasa kuwa mai suna Peru, gwamnati ta raba wa yaran makaranta ƙananan kwamfutoci dubbai ɗaruruwa ba tare da an shirya malamai yadda ya kamata ba, da aka zo aka auna sai aka ga karatu da lissafin yaran bai ƙaru ba. Hukumar UNESCO ta kawo wannan misali cikin rahotonta na 2023 game da fasaha a makarantu, ta kuma yi kira da kada a shigar da na'ura aji sai inda ta tabbata tana taimakon karatu.

Mu kanmu mun ɗanɗana a 2020, lokacin annobar korona, da aka rufe makarantun ƙasar nan daga watan Maris har zuwa farkon watan Yuni. A ƙasashen da ke da wadata yara sun ci gaba da karatu ta intanet. A ƙauyukanmu kuwa wanda ba shi da malami ko yaya mai karatu kusa da shi, zama ya yi, wasu ma daga nan suka bar boko ke nan. Darasin da duk waɗannan suka haɗu a kansa guda ne: na'ura tana ƙara wa malamin kirki ƙarfi, inda kuwa babu malami, ba ta tsinana kome.

MU SAN INDA MUKE TSAYE

Kafin mu yi gardama a kan shafin intanet, ya kamata mu dubi halinmu da idon gaskiya. Ƙididdigar shekarun baya-bayan nan ta nuna cewa kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne yake da wutar lantarki a Nijar, a karkara kuwa bai kai ɗaya cikin goma ba. A farkon 2024 masu amfani da intanet ba su kai kashi 20 cikin ɗari na jama'ar ƙasa ba. Gaskiya ne abubuwa suna canzawa, ga faranta masu zuƙar hasken rana sun shigo ƙauyuka, ga kamfanin Starlink da ya fara aiki a ƙasar nan a 2025. Amma har yanzu magidanci a Baudeta sai ya kai wayarsa wurin mai caji ya biya, sai ya lissafa kuɗin kiredi tare da kuɗin cefane, wani lokaci sai ya fita bayan gari neman rezo.

Kuma ba za mu manta da ranar 8 ga Nuwamba 2021 ba, da gobara ta tashi a azuzuwan zana cikin garin Maraɗi, ta halaka aƙalla yara 25 'yan shekara biyar zuwa shida, watanni kaɗan bayan irinta ta ci yara 20 a Yamai cikin watan Afrilu na shekarar. Allah Ya jiƙansu, Ya sanya su masu ceton iyayensu. Al'ummar da 'ya'yanta suke zaune a ƙasa cikin rumfar kara, yara da yawa suna leƙen littafi guda, wajibinta na farko shi ne gini da benci da littafi da malamin da ake biya kan lokaci. Wanda ya bar farilla ya tsaya kan nafila bai fahimci addini ba, haka nan wanda ya bar gina aji ya tafi neman shafi.

INDA AMFANI YAKE

Duk da haka, adalci ne mu faɗi alherin da muka gani. Na farko, tsakanin malamai su da kansu. Malamin kwantiragi da aka jefa shi ƙauye shi kaɗai, wanda a da sai ranar taron CAPED yake haɗuwa da abokan aikinsa, yau yana iya tambayar wanda ya fi shi sani yadda ake koyar da rabawa ko haɗa baƙaƙe, a aiko masa da amsa kafin wayewar gari. Wannan taimakekeniya ce a kan alheri, mai yin ta da kyakkyawar niyya yana da lada.

Na biyu, tsakanin malami da iyaye. Mafi yawan iyayenmu ba su karanta Faransanci, takardar da yaro ya kawo gida sai ta ƙare a ƙullin ƙuli-ƙuli. Amma saƙon murya da Hausa ko Fulatanci kowa yana ji: gobe akwai jarrabawa, wane bai zo ba kwana uku, ana taron iyaye ranar kaza. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma kundin da aka kafa ƙasa a kansa ya sanya Hausa ta zama harshen ƙasa, saboda haka babu abin kunya ga malami ya yi wa iyaye magana da harshen da suke ji.

Na uku, ga 'yan ci-rani. Bayan an gama girbin gero da wake, magidanta da yawa sukan tafi Kano ko Legas, ko Agadas, ko Libiya da Aljeriya, su yi watanni. Uban da ke can yana iya jin halin karatun ɗansa, ya kira ya tsawata ko ya sa albarka. Nisa ba ya ɗauke wa uba nauyin kiwo.

Na huɗu, shafin makaranta, inda akwai halin yinsa, yana iya zama rumbu da ake ajiye darussa da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, in an canza wa malami wurin aiki kada aikinsa ya tafi tare da shi.

INDA HAƊARI YAKE

Yanzu sai mu zo ga abin da ya fi damun mu, kuma muna roƙon ku saurara da kunnen basira.

Haɗari na farko shi ne barin waya a hannun yaro. Kamfanonin da suka ƙera Facebook da WhatsApp da TikTok su da kansu sun rubuta cikin sharuɗɗansu cewa wanda bai kai shekara 13 ba kada ya buɗe asusu. Yaran firamare kuwa daga CI zuwa CM2 mafi yawansu ba su kai ba. Faransa ta hana waya a makarantun firamare da koleji tun 2018. Ostireliya ta kafa doka a 2024 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 shiga dandali irin su Facebook da TikTok. In waɗanda suka fi mu sanin abin suna kare 'ya'yansu daga gare shi, mu da Allah Ya umarce mu cikin Suratut Tahrim, aya ta 6, da mu tsare kanmu da iyalanmu daga wuta, wane uzuri ne gare mu? Ƙofar da aikin gida yake shigowa ta ita, ta nan hoton tsiraici yake shigowa, ta nan caca take shigowa, ta nan baƙon da ba a san shi ba yake yi wa ɗiyarka sallama da tsakar dare kana barci. Babu uban da zai kai ɗansa tashar mota da daddare ya bar shi ya ce ya yi karatu a can.

Haɗari na biyu shi ne tona asirin yara. Mun ga malamin da yaro ya yi kuskuren karatu, maimakon ya gyara masa sai ya ɗauke shi bidiyo ya watsa don a yi dariya. Mun ga an ɗora sakamakon jarrabawa da sunaye a zaure, uban na ƙarshe ya kasa ɗaga kai a majalisa, ya koma gida ya huce a kan yaron. Mun ga hotunan 'yan mata ƙanana suna yawo ba da sanin iyayensu ba. Suratul Hujurat, aya ta 11 da ta 12, ta hana izgili da bin diddigin asirin mutane da giba, ba ta kuma ware yaro ba. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, to hoto ya fi ta, domin yarinyar za ta girma, za a zo neman aurenta, hoton yana nan. Hukuma ma ta kafa dokar kare bayanan mutum tun 2017, da ta laifuffukan intanet a 2019.

Haɗari na uku shi ne zalunci tsakanin ɗan mai hali da ɗan talaka. Imam Muhammadu ɗan Sahnunu, babban malamin Malikiyya na Ƙairawan da ya rasu a 256 bayan Hijira, ya wallafa littafi a kan ladubban malaman yara mai suna Adabul Mu'allimina, ya kuma ware wuri a ciki don wajabcin daidaita ɗalibai, mawadaci da matalauci. Malamin da ya aika aikin gida ta waya kaɗai, alhali ya san rabin ajinsa babu babbar waya a gidajensu, sa'an nan da safe ya daki wanda bai yi ba, ya hukunta maraya a kan maraicinsa ke nan. Wannan zalunci ne ko da ba da gangan aka yi ba.

Haɗari na huɗu shi ne ƙarya. Zauren da aka buɗe don karatu sai ya koma wurin tura jita-jita, da maganin ƙarya, da siyasa, da hadisan da ba su da asali, ana cewa wanda bai tura wa mutum goma ba zai ga masifa. Aya ta 6 cikin Suratul Hujurat ta umarce mu da tantance labari kafin mu yi aiki da shi. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) abin da ma'anarsa ita ce, faɗin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci. Al'ummar da malamanta suka yi tafiyar watanni don tabbatar da hadisi guda, bai dace 'ya'yanta su zama masu tura abin da ba su karanta ba.

Haɗari na biyar shi ne fitina tsakanin maza da mata. Daga zaure sai a koma saƙon sirri, malami da matar wani, ko malami da ɗalibar da ta fara tasowa. Shaiɗan ba ya fara wa mutum da babban abu, da gaisuwa yake farawa. Gidaje sun mutu ta wannan hanya, kuma irin wannan labari guda ɗaya ya isa ya sa ƙauye gaba ɗaya su cire 'ya'yansu mata daga makaranta, alhali mu ne muke kukan rashin likitoci mata da ungozomomi a asibitocinmu.

Haɗari na shida ya shafi malami shi kansa. Lokacin aji ba nasa ba ne, an saye shi da albashi. Wanda ya bar yara sittin suna hayaniya ya duƙufa kan waya, ya binciki halaccin abin da yake kai wa iyalinsa. Ɗan Sahnunu ya yi gargaɗi a kan malami ya shagala ga barin yaran da aka ba shi, tun kafin a san za a ƙera waya.

SHAWARWARINMU

Saboda haka, amsarmu ga masu tambaya ita ce: amfani da waɗannan hanyoyi don karatun yara halal ne, yana ma iya zama abin lada, matuƙar an kiyaye sharuɗɗan da ke tafe.

1. Zauren aji na iyaye ne da malami, ba na yara ba. Wayar ta zauna hannun uba ko uwa ko wani babba amintacce. In yaro zai ji darasi, ya ji a gabansa, a karɓe in ya gama. Waya ba ta kwana ɗakin yara.

2. Kada a buɗe zaure ko shafi sai da sanin daraktan makaranta da kwamitin iyaye. A sanya dattijo guda da dattijuwa guda daga ƙungiyar iyaye mata cikin masu kula da shi, a kuma taƙaita masu aika saƙo.

3. Duk abin da aka aika ta waya, a rubuta shi a allo tukuna, yara su kwafa cikin kaye. Kada a hukunta yaro a kan abin da sai mai waya ne ya gani. Mai waya kuma ya sanar da maƙwabcinsa da ba shi da ita, wannan yana cikin haƙƙin maƙwabtaka.

4. Ba a ɗaukar hoton yaro ko bidiyonsa sai da izinin mahaifinsa, ba a kuma watsa kuskurensa ko sakamakonsa. Abin da ya shafi yaro guda, a faɗa wa waliyyinsa shi kaɗai.

5. Malami namiji ya yi magana da uba ko waliyyi. In babu makawa sai da uwa, to a yi a fili, da sanin maigida. Babu saƙon sirri tsakanin malami da ɗaliba ko ɗalibi ko da wane dalili.

6. Kada aikin waya ya ci lokacin salla ko na makarantar allo da Islamiyya. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya wallafa Risala ne domin a koyar da yara, bisa roƙon wani malamin yara, kuma har yau da ita muke koyon ibada. Yaron da ya iya latsa waya bai iya alwala ba, an yi masa asara.

7. Kada a ɗora wa iyaye sayen waya ko kiredi a matsayin sharaɗin karatu. Wanda yake da jaka talatin ko arba'in na saye wa ƙaramin yaro waya, ya saya masa littafi da fitila, ragowar ya kai gudunmawar ginin aji, ya sami sadaka mai gudana.

Muna kira ga limamai da alarammomi kada su tsaya ga tsinuwa daga nesa. Su shiga kwamitocin makarantu, su san abin da ake aikawa, su yi gyara da hikima. Muna kira ga mahukunta da masu hannu da shuni na ƙasar Tasawa da Mayayi, da 'ya'yanmu da Allah Ya buɗa wa a birane, su gabatar da gini da benci da horar da malamai. Muna kuma yi wa malaman makaranta godiya, mun san da yawansu daga aljihunsu suke sayen kiredin nan, cikin albashin da bai isa ba. Allah Ya saka musu da alheri.

Ya ku bayin Allah, Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (R.A.) hadisin da ya kwatanta kowannenmu da makiyayi wanda za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Mu mutanen ƙasar noma da kiwo mun san ma'anar wannan. Makiyayin da ya bar dabbobi suka shiga gonar wani, ba ya cewa laifin gona ne da ta yi kore, shi ake kai wa gaban maigari. To haka ranar ƙiyama, ba kamfanin waya za a fara tambaya game da ɗanka ba, kai za a tambaya. Suratul Isra'i, aya ta 36, ta sanar da mu cewa ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne, kuma na yaro suna wuyan wanda yake riƙe da shi har ya balaga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Muna roƙon Allah (S.W.T.) Ya shiryar mana da zuriyarmu, Ya ba su ilmi mai amfani na duniya da lahira, Ya kare idanunsu da kunnuwansu da zukatansu daga abin da zai cutar da su. Allah Ya taimaki malamanmu a kan amanar da suka ɗauka, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu Nijar da sauran ƙasashen Musulmi lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.